Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gwamnatin jihar Saxony-Anhalt: kafin a kashe injin PVC na ƙarshe a Schkopau

Mai girma Firimiyan jiha, masu girma 'yan majalisar dokoki da ke Magdeburg,

Ina gaishe ku tare da fatan alheri. Ni baƙo ne a jiharku, ko da yake baƙuntar tawa ta yi tsawo har ta fara kama da zama. Ina zaune a Halle-Neustadt, a ɗaya daga cikin dogayen gidajen kankaren nan da aka gina wa ma'aikatan sinadarai tun ba a haife ni ba. Na rubuto muku da Hausa ne saboda a cikinta nake iya faɗin abin da ke raina ba tare da na yi tuntuɓe ba, kuma na san tafinta ba su ƙare a Magdeburg ba. Dalili na biyu shi ne 'yan uwana masu karanta Hausa, waɗanda kullum ake tafka muhawara a tsakaninsu kan ko gwamnati ce ta fi iya riƙe masana'anta ko ɗan kasuwa, ya kamata su ji labarin wurin da aka gwada dukansu biyun a fili ɗaya.

A watan Yulin 2025 kamfanin Dow na Amurka ya sanar da cewa zuwa ƙarshen 2027 zai rufe injin tatar iskar etilin da ke Böhlen, tare da sashen kulorin da na sinadarin da ake yin robar PVC da shi a Schkopau. Ayyuka kusan 550 ne abin zai shafa a wuraren biyu. Na ga yadda kuka yi ta kai-komo a kan batun, da taruka, da maganar tsadar makamashi, kuma ban raina ƙoƙarinku ba. Amma ba kan guraben aikin na zo yin magana ba, akwai ƙungiyar ƙwadago da ta fi ni baki a nan. Abin da ya hana ni barci shi ne wani daban: idan aka kashe waɗannan injuna, za a yanke igiya mafi kauri da ta rage tsakanin Schkopau ta yau da tsohon kamfanin Buna, masana'antar roba ta zamanin Jamus ta Gabas, kuma ban ga alamar an shirya wa tarihin wurin masauki ba. Abin da na ga ana tattalawa shi ne allon fitila.

Kun san allon da nake nufi. Wanda ya yi shekaru a jikin hasumiyar gadar kogin Elbe kusa da Vockerode, a kan babbar hanyar da 'yan Jamus ta Yamma suka riƙa bi zuwa Berlin, yana haska kalmomi biyar: Plaste und Elaste aus Schkopau. Yanzu yana hannun gidan tarihin Jamus da ke Berlin, ana buga shi a jikin riguna da kofunan shayi, masu yawon buɗe ido suna murmushi. Kalmomin kansu ma tarihi ne, domin mutumin Gabas Plaste yake cewa, na Yamma kuwa Plastik, har yau kana iya gane inda tsoho ya taso daga wannan kalma ɗaya. Mu a Hausa ba mu wahalar da kanmu ba, da bokitin wanka da tayar mota duk roba muke ce musu. To wannan kamfani duka biyun yake yi, robar da ke sandarewa da robar da ke talewa. Allon yana da kyau. Sai dai fitila ce kawai, ba ta da wari, ba ta tari, ba ta karɓar fansho.

Ba gurguzu ne ya haifi Buna ba, kuma wannan shi ne abu na farko da allon yake ɓoyewa. A 1936 kamfanin IG Farben ya aza harsashin masana'antar a bakin kogin Saale, tsakanin Halle da Merseburg, saboda gwamnatin Hitler tana shirin yaƙi kuma ta san ranar da aka toshe mata teku ba za ta samu danƙon bishiya daga Asiya ba. Sai aka ce a yi robar taya daga kwal. Sunan ma daga nan ya fito: Bu daga butadiyen, Na daga natriyum. A 1937 aka fara fitar da kaya. Da yaƙi ya yi zafi, da gumin mutanen da aka kamo daga ƙasashen da aka mamaye aka ci gaba da juya injunan. Wani reshen Buna da kamfanin ya kafa a Monowitz, kusa da Auschwitz, duniya ta san abin da aka yi a can. Schkopau ba Monowitz ba ce, amma uwa ɗaya ta haife su, kuma bai kamata yaron makaranta ya shiga ya fita daga wurin ba tare da an gaya masa haka ba.

Sojojin Amurka ne suka fara shiga a watan Afrilun 1945, suka miƙa wa Tarayyar Sobiyet a watan Yuli. Masu mulkin Mosko suka mayar da masana'antar tasu, suna ɗibar abin da ta samar a matsayin diyyar yaƙi. Sai a farkon 1954 aka damƙa wa Jamus ta Gabas ita, aka raɗa mata suna VEB Chemische Werke Buna. Waɗannan haruffa uku na farko ma'anarsu kamfani mallakar jama'a. Abin dariya, ko na kuka, shi ne watanni shida kafin a ba jama'ar kamfaninsu, a ranar 17 ga Yunin 1953, ma'aikatan Buna da na maƙwabciyarta, masana'antar sinadarai ta Leuna, sun ajiye kayan aiki sun yi tattaki zuwa Merseburg saboda an ƙara musu nauyin aiki ba a ƙara albashi ba, kuma sojojin Sobiyet ne suka watsa taron. Ke nan tun kafin a rubuta sunan jama'a a ƙofa, jama'ar ta riga ta san waye mai gidan.

Duk da haka ba zan yi wa mutanen nan ƙarya in ce abin da ya biyo baya duk duhu ne ba. A watan Nuwamban 1958 aka yi babban taron sinadarai a Leuna ƙarƙashin jagoran Jamus ta Gabas na lokacin, Walter Ulbricht, aka fito da take cewa sinadarai suna ba da abinci da wadata da ƙawa. Ƙasar ba ta da ƙarfe mai yawa, ba ta da katako na a zo a gani, ba ta da kuɗin waje na sayen auduga da fata. Abin da take da shi a jibge shi ne kwal mai ruwan ƙasa, da gishiri, da dutsen farar ƙasa. Sai aka yanke shawarar a mayar da waɗannan su zama bututun ruwa, da shimfiɗar ɗaki, da tafin takalmi, da rigar wayar lantarki, da kwanon cin abinci. Roba a nan ba kayan talaka ba ce kamar yadda ake kallonta a wasu wurare. Alamar zamani ce, gwamnati tana tinƙaho da ita. Motar Trabant da ake ƙerawa a Zwickau jikinta na wata irin roba ce da aka haɗa da tarkacen auduga. Yadin da mata ke ɗinka rigar aiki da shi Dederon sunansa, an ciro shi daga DDR, taƙaitaccen sunan ƙasar. Ba duka ne daga Schkopau suke fitowa ba, amma Schkopau ce tukunyar da ƙananan masana'antu masu yawa suke ɗibar ɗanyen kaya daga cikinta. Su ma ƙananan, waɗanda suka rage a hannun iyalai, magajin Ulbricht, Erich Honecker, ya haɗiye su a 1972, lokacin da aka mayar da kamfanoni kusan 11,000 hannun gwamnati a cikin 'yan watanni.

Ku ba ni dama in daɗe kaɗan a kan kabaid, domin wanda bai fahimci kabaid ba bai fahimci Buna ba. Mu mun san shi a gida. Shi ne farin dutsen nan mai warin tafarnuwa da masu walda da masu gyaran jikin mota suke jefawa a ruwa ya ba su iskar hura wuta, wasu marasa tsoron Allah kuma su nuna ayaba da mangwaro da shi. Ɗan ƙulli ɗaya ya isa ya cika rumfa da wari. To a Schkopau jirgin ƙasa ne ke kawo farar ƙasa daga Rübeland da ke duwatsun Harz, a haɗa ta da gasasshen kwal a cikin manyan tanderun lantarki masu zafin da ya kai digiri 2000, kabaid ya malalo kamar ruwan wuta. A zuba masa ruwa ya ba da iskar asitilin. Daga asitilin ake bi mataki-mataki a kai ga robar taya, ko a haɗa shi da sinadarin da aka samo daga kulorin a samu PVC. Shi kuma kulorin daga ruwan gishiri ake fizgo shi da lantarki, a cikin tasoshin da aka shimfiɗa wa zaiba. Lantarkin da duk wannan ke ci, wanda ba kaɗan ba ne, daga ƙona kwal yake zuwa, irin wanda aka yi ta haƙa a kwarin Geisel har ƙauyuka suka ɓace. Ramin da aka bari shi ne tafkin da 'yan Halle ke zuwa shan iska a yau.

Ƙasashen Yamma sun bar wannan hanya tun a shekarun 1960, suka koma yin roba daga man fetur, wanda ya fi arha ya fi tsabta. Jamus ta Gabas ma ta so ta bi sahu. Bututun mai na Sobiyet ya iso Schwedt a 1963, aka gina sabbin sassa a Leuna da Böhlen, a ƙarshen shekarun 1970 har aka ɗauko kamfanin Yamma ya gina sabon rukunin PVC a Schkopau. Amma mai na wani ne. Da Mosko ta rage abin da take turowa a farkon shekarun 1980, daga tan miliyan 19 zuwa 17 a shekara, gwamnatin kuma tana sayar da wani kaso na tataccen man ga Yamma don ta samu kuɗin biyan bashi, sai aka koma ga tsofaffin tanderun zamanin Hitler aka ce su ci gaba da haƙuri. Haka Buna ta zama masana'antar kabaid da babu kamarta a duniya, a daidai lokacin da duniya ta daina son kabaid. Tsarin tattalin arzikin yana auna shugaban kamfani da yawan tan ɗin da ya fitar, ba ya tambayarsa rufin da ke yoyo ko matatar hayaƙin da ta mutu. Kuɗin gyara kuwa ba a hannunsa yake ba, yana Berlin, a teburin masu tsara shiri. Sai aka yi ta faci a kan faci.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta haura tamanin, ta yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin tun tana budurwa har aka sallame ta. Ni nake ɗauko mata ruwan kwalba idan na dawo daga kasuwa, ita kuma ta biya ni da labari. Ta ce rufin gidajen Schkopau ba a san launinsa ba, farar ƙura ta rufe shi kamar an barbaɗa gari, kuma macen da ta san ciwon kanta tana duba inda iska ta dosa kafin ta shanya wanki. Ta ce kogin Saale kumfa yake yi. Amma a zama ɗaya, da baki ɗaya, za ta gaya maka cewa kamfanin ne ya ba ta gida mai ruwan zafi tana da shekara ashirin da 'yan kai, shi ya riƙe mata yara a gidan reno tana wurin aiki, shi ya tura ta karatu, shi ya kai ta hutu bakin teku, kuma ba ta taɓa kwana da fargabar za a kore ta ba. Da farko na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Daga baya na gane ni ne mai gajeren tunani, ina so labari ya zama ko fari ko baƙi. Ita ta rayu a cikinsa, ta san duka biyun gaskiya ne.

Garin da nake zaune shi kansa kayan Buna ne. A ranar 15 ga Yulin 1964 aka aza harsashinsa a matsayin birnin ma'aikatan sinadarai, aka gina shi can nesa da hayaƙi, jiragen ƙasa suna kwashe mutane da asuba zuwa Buna da Leuna su dawo da su da yamma. Tituna ba su da suna a lokacin, lambobi ne a jikin gidaje. Ya kai mutum sama da 90,000, yau kusan rabin haka ne, kuma da yawa daga cikinmu da muka cike gurbin daga Siriya muke, ko Afganistan, ko Yukren, ko Afirka. Yaranmu suna wasa a filayen da aka tsara wa 'ya'yan ma'aikata 18,000 na Buna, ba su san dalilin da ya sa aka gina wurin ba. Na tambayi ɗana ko an taɓa kai su Schkopau daga makaranta, ya ce mene ne a can. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Akwai kuma waɗanda maƙwabciyata ba ta cika son a yi maganarsu ba, kuma saboda su ne na fi matsa muku. A sassan kulorin, inda zaiba ke tsiyaya daga tsofaffin tasoshi tana taruwa a ƙasa, inda ma'aikaci mai 'yanci ke gudun zuwa ko an ƙara masa kuɗi, fursunoni aka riƙa turawa. A shekarun ƙarshe aka haɗa da samarin da suka ƙi ɗaukar bindiga saboda imaninsu, waɗanda aka sa su aikin soja na leburanci. Zaiba ba ta kashe mutum nan take. Tana shiga ƙoda da jijiya, hannu ya fara rawa, haƙora su yi laushi, mutum ya rasa gane kansa. Hukuma ta san da haka, domin ana auna fitsarin mutanen. Daga 1982 kuma sai gwamnati ta mayar da bayanan gurɓatar muhalli sirrin ƙasa, wanda ya faɗa ya shiga uku. Ofishin jiharku mai binciken zaluncin tsohuwar jam'iyya mai mulki ya yi aiki a kan wannan batu, na yaba. Amma bincike a cikin kabad daban, alama a bakin ƙofar masana'anta daban. Kamfanin da aka ce na ma'aikata ne ya yi amfani da mutanen da ba su da ikon cewa a'a, a filin da aka taɓa yin haka a zamanin da gwamnatin ke cewa ta zo ta share. Wannan magana tana da ɗaci, shi ya sa ta fi buƙatar a rubuta ta a bango.

Haka nan baƙin ma'aikata. Jamus ta Gabas ta ɗauko dubban matasa daga Aljeriya, Kyuba, Mozambik, Biyetnam da Angola, ta zuba su a masana'antunta, yankin nan na sinadarai ya samu rabonsa. An ajiye su a gidajen kwana na daban, ana kiran abin zumuncin ƙasashe. A watan Agustan 1979 wasu 'yan Kyuba biyu sun mutu a kogin Saale a Merseburg bayan an fatattake su, aka rufe maganar. 'Yan Mozambik da aka mayar gida bayan 1990 har yau suna fita zanga-zanga a Maputo suna neman kason albashinsu da aka riƙe. A matsayina na baƙar fata da ke bin titunan da suka bi, ba zan iya karanta tarihin masana'antun nan in tsallake su ba, kuma ina roƙon kada ku tsallake.

Sai faɗuwar. A ranar 1 ga Yulin 1990 kuɗin Yamma ya shigo, kayan Buna suka wayi gari da tsadar da ba mai saye, kasuwannin gabashin Turai da ke karɓarsu suka rushe. Hukumar Treuhand, wadda aka ɗora wa cefanar da kamfanoni kusan 8,500 masu ma'aikata miliyan 4, ta karɓi ragama. A 1991 aka kashe tanderun kabaid, kuma ban ji wanda ya yi kukan tanderun ba, har maƙwabciyata. Kukan na mutane ne. A ranar 10 ga Mayun shekarar shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Helmut Kohl, ya tsaya a zauren al'adu na Buna ya yi alkawarin cewa yankin sinadarai ba zai mutu ba. Da ya fito ya shiga Halle a ranar, da ƙwai aka tarbe shi. Duk wanda ya ga hoton shugaban gwamnati yana kutsawa cikin taro zai cafko mai jifa, ya ga yanayin zuciyar mutanen nan a wannan shekara.

In za a yi adalci, alkawarin bai faɗi ƙasa banza ba. A 1995 Dow ta karɓi Buna tare da Böhlen da wani sashe na Leuna, aka rushe tsofaffin gine-gine, aka kafa sabbin injuna, iska ta washe, kogi ya farfaɗo. Amma da kuɗin wa? Hukumar Tarayyar Turai ta amince da tallafin da ya haura mark biliyan 9, kuɗin Jamus na lokacin, daga aljihun masu biyan haraji, ma'aikatan da suka rage kuwa dubu biyu da 'yan kai ne. Ku raba wannan da wancan ku ga abin da kowace kujera ta ci. Ban ce kuskure aka yi ba. Wataƙila da ba a yi haka ba da yanzu ciyawa ce a wurin. Abin da nake cewa shi ne, dukiyar da aka ce ta jama'a ce, jama'a ba su taɓa juya ta ba a zamanin gurguzu, da aka zo sayarwa kuma jama'a ne suka biya mai saye. Daga baya sashen robar taya, wanda shi ne asalin sunan Buna, ya bi hannu-hannu har ya faɗa hannun kamfanin Synthos na Poland a 2021. Yanzu ga sanarwar 2025. Mu muna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi wancan tallafi yana da aski a wuyansa, ko da lissafin kasuwa ya ce ya tattara ya tafi, kuma ku ne kuke da bakin tuna masa.

Ga abin da nake roƙo, kuma ban ɗauka ya fi ƙarfinku ba.

Zauren al'adun nan da Kohl ya yi jawabi a ciki, wanda aka gina a farkon shekarun 1950, inda leburori suka kalli wasan kwaikwayo suka koyi kiɗa da zane, ya daɗe a rufe yana lalacewa. Na je na tsaya a bakin shingensa. Gini ne da ya ga kowane babi na labarin, daga zamanin Sobiyet zuwa ranar alkawari. Idan jiha za ta ceci gini ɗaya a Schkopau, shi ne. Ba sai an mayar da shi fada ba. A toshe rufi, a buɗe ɗakuna kaɗan, a sa labarin a ciki, har da sunayen sassan da fursunoni suka yi aiki da adadin waɗanda takardu suka nuna. Gidan tarihin sinadarai da ke Merseburg yana da tsofaffin injuna a fili, kuma tsofaffin injiniyoyi ne suka tsaya da ƙafafunsu suka tattara su. Sun yi abin a yaba, amma ƙarfe suka iya ajiyewa, su ma kuma shekaru sun ja. A ba su kuɗi na dindindin, a haɗa aikinsu da na zauren.

Abu na biyu ya fi gaggawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya shiga Buna yana saurayi a 1960 yanzu ya haura tamanin. Ku tura ɗaliban jami'ar Halle da na Merseburg da na'urar ɗaukar murya, gida-gida a Neustadt da Schkopau da Merseburg, su zauna da masu tanderu, da matan ɗakin gwaji, da direbobin jirgi, da waɗanda suka buga wa ƙungiyar ƙwallon kamfanin wasa a shekarar nan ɗaya tilo, kakar 1981 zuwa 1982, da ta hau babban rukunin ƙasa ta sauko. Su nemi tsofaffin fursunonin, waɗanda da yawansu ba a jihar nan suke ba. Su nemi waɗanda aka mayar Maputo da Hanoi da Habana. Kada a tace, kada a zaɓi masu yabo ko masu zagi. Mai cewa a Buna ya yi rayuwarsa mafi daɗi a bar shi ya faɗa, mai cewa a can aka lalata masa ƙoda shi ma a bar shi.

Na uku kuwa a teburin tattaunawarku da Dow yake. Duk yarjejeniyar da za a yi kan rufe sassan nan, a sa batun takardu da hotuna da zanen injuna a ciki, a tabbatar sun shiga ma'ajiyar jiha inda kowa zai iya dubawa. A kuma faɗa wa jama'a a fili, da harshen da za su gane, halin da ƙasar wurin take ciki: tudun sharar masana'anta da ke bayan Schkopau, da zaibar da ta shige ƙasa, da shekarun da za a ɗauka ana tace ruwan ƙarƙashinta, da wanda zai biya bayan kamfani ya tafi. Gwamnatin da ta shuɗe ta mayar da irin wannan bayani sirri. Ku kuna buga shi, na sani, amma a cikin rahotannin da sai injiniya ke iya karantawa.

Na san za a ce baƙo me ya sani, ko a ce aljihun jiha ba shi da nauyi, ga makarantu ga asibitoci. Gaskiya ne ban sha ƙurar kabaid ba. Amma ina kwana a ɗakin wanda ya sha, ina biyan haraji a nan, ɗana kuma da lafazin Halle yake magana. Kuma ina ganin yadda fushin 1991 bai tafi ko'ina ba, ya dai canza riga. Ina jin sa a tashar jirgi, ina ganin sa ranar zaɓe, wani lokaci a kaina yake sauka. Mutumin da aka gaya masa cewa aikin shekara talatin da ya yi shara ne, sannan aka mayar da alamar kamfaninsa abin ado a jikin kofi, ba zai rasa wanda zai huce a kansa ba.

Maƙwabciyata tana da wani ɗan bokitin roba ruwan toka da take zuba ɓawon dankali a ciki, ta ce tun kafin a haifi ɗanta na biyu take da shi, ko tsagewa bai yi ba. Na ce mata idan aka buɗe zauren sai ta ba su shi su ajiye. Ta ce su zo da kansu su roƙa, kuma su zo da wuri, don likita ya fara yi mata maganar gidan tsofaffi.

Na gode da sauraro. A huta lafiya.

Naku,
Wani mazaunin Halle-Neustadt